Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya



Yau ba nisa za mu yi ba, a nan Zariya za mu zagaya. Daga Muchiya za mu tashi, mu ratsa kasuwar Sabon Gari, mu ɓulla PZ, mu bi ta Kwangila mu miƙe titin Sakkwato har Samaru. Abin da za mu duba a hanya kuwa hoto ne. Ba na amarya da ango ba, ba kuma fasfo ɗin da ake manna wa takardar neman aiki ba. Hoton kayan sayarwa nake nufi: robar dambun nama, kwalbar humra, ƙullin yaji, takalmin fata, kek ɗin biki, zoɓo mai sanyi.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ta inda kayan cikin gida ke bi su isa hannun mai saye. Uwa na tsakar gida a gaban murhu, 'yarta ta ɗora faranti a ka ta shiga layi. Mai saye ya ce mata "sauke mu gani", ya ɗaga murfi, ƙamshi ya buge shi, in da hali ya ɗan gutsura, sannan a yi ciniki. Tun kaka da kakanni haka ake yi. Masanin nan M. G. Smith da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ya tarar da mata suna sana'a a cikin gidajensu, yara suna fitar musu da kaya. To yanzu farantin ya soma sauka daga kan yarinya yana komawa cikin waya. Ban ce ya sauka duka ba, wanda ya je tashar mota da hantsi zai ƙaryata ni. Amma ya soma, kuma ni dai ina murna da hakan, don duk kwanon da aka sayar ta waya, wata yarinya ce ta samu damar zama a aji.

Abin bai zo dare ɗaya ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A 2017 WhatsApp ya fito da sitatus, a 2018 ya fito da manhajar 'yan kasuwa. Sai dai abin da ya tura mutane da ƙarfin tsiya shi ne kullen korona. A ƙarshen watan Maris na 2020 aka kulle jihar Kaduna, aka shafe fiye da wata biyu kasuwanni ba sa ci yadda aka saba. Ana cikin farfaɗowa sai ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Wanda bai san Samaru ba ba zai gane nauyin wannan magana ba: wata takwas babu ɗalibai, masu abinci da masu shaguna a bakin get ɗin jami'a suna zaune suna hamma. Wanda ke da kwastomomi a cikin waya shi ya ɗan samu na cefane. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, wanda ya koya wa hatta tsohuwa mai ƙuli-ƙuli cewa "turo ta tiransifa".

Ga inda gizo ke saƙar. Mai saye ta waya ba ya jin ƙamshi, ba ya ɗanɗanawa, ba ya ɗagawa ya ji nauyi. Ido kaɗai ya zo da shi kasuwa. Saboda haka duk aikin da hanci da harshe da hannu suke yi a da, yanzu hoto ɗaya aka ɗora wa. Tambayar ita ce, wane irin hoto muke ɗora wa wannan kaya?

Buɗe sitatus ɗin matan unguwa da daddare ka gani. Ga baiwar Allah ta yini tana dakan nama, ta yi dambu mai kyau wanda ko a gidan sarki ba za a raina ba. Ta gama bayan isha'i, ba wuta, sai ta ɗora robar a kan gado, ta haska fitilar caji, ta danna. Abin da ya fito wani jan tsibi ne a cikin duhu, ga zanen gado mai furanni ya cinye rabin hoton, ga ƙafar yaro a gefe. Ta rubuta "akwai dambu". Gari ya waye ba wanda ya yi magana, sai ta ce kasuwa ce ba ta da daɗi, ko kuma an yi mata baki. Hajiya, ba wanda ya yi miki baki. Dambunki ne ba a gani ba.

Wannan kanta kaɗai ta cuta. Wanda ya fi damuna shi ne hoton aro. Bi layin masu abinci daga Sabon Gari zuwa Samaru ka ɗaga kai ka dubi bana ɗin da ke saman ƙofa. Za ka ga gasasshiyar kaza guda tana ƙyalli, da burodin Turawa mai nama a tsakiya, da wani kifi da ba a taɓa kama irinsa a ruwan Galma ba. Shiga ciki ka tambaya, shinkafa da wake ce da mai da yaji, sai taliya. Kuma shinkafa da waken nan tana da daɗi, ita ce ke tara musu layi kullum da rana, amma ba ta samu shiga bana ba. Yaron da ya tsara ya shiga intanet ne ya kwaso abin da ya fara gani. A da can masu zanen allo ne ke wannan aiki da fenti da buroshi, kowa ya san zane zane ne, ba mai zuwa ya ce a ba shi kazar da ke jikin allo. Hoto ba haka yake ba. Mutum in ya ga hoto, ɗauka yake yi abin da ke tukunya ke nan.

A harkar kek da ɗinki da lalle abin ya fi muni. Mai kek ta kwafo hoton wata gwana ta Legas ko ta Dubai, ta goge sunan, ta saka a shafinta. Uwar amarya ta gani ta yi oda, ta tura kuɗi. Ranar biki ɗan acaɓa ya iso da kwali, a buɗe, sai salati. Yanzu ma ba sai an sata ba, ƙirƙirarriyar basira na iya zana maka farantin tsire da ba a taɓa gasawa ba, har da hayaƙinsa.

Kada wani ya ce wannan halin ƙananan 'yan kasuwa ne. Manya sun riga su. A 1968 aka gano cewa a tallan miyar gwangwani ta kamfanin Campbell a Amurka, ana zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano don su tura kayan miya sama, a ga kamar ta cika da su, har hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta shiga maganar. A 2022 wasu masu saye suka maka Burger King a kotu a jihar Florida, suna cewa abincin da ke hoto ya fi wanda ake miƙo musu girma. Masu wannan sana'a a can suna da dabaru iri-iri: farin gam a madadin madara, dakakken dankali a madadin askirim don kada ya narke a gaban fitila. Mu koyi haskensu, amma wannan ɓangaren mu bar musu kayansu.

Don mu muna da ma'auni tun kafin a ƙera kyamara. Almajirin da ya yi karatun zaure a cikin birni ya san cewa Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta sayar da abin da ba ya nan, in an siffanta shi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma tana da babi guda a kan sayar da dilar kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Sharaɗin dai shi ne kaya su zo daidai da siffar da aka faɗa. In sun saɓa, mai saye na da ikon fasawa. Malamai sun warware wannan fiye da shekara 1,000 da suka wuce, saboda fatake. To hoton da kika saka a sitatus shi ne siffar, shi ne takardar dila. Kuma kowa ya san hadisin da Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya tuhumi mai kayan kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. Wanda ya tara nama a saman kwano don hoto, ya aika wa kwastoma mai yanka biyu, ya auna kansa da wannan. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana talla mai yaudara, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da bai gani ba kafin a kawo, in ba su dace da siffa ko samfurin da aka nuna masa ba.

Wani zai ce, to Malam, in ba kwalliya ai ba ciniki. Wa ya hana kwalliya? Mai tumatir a kasuwar Samaru da ke yayyafa ruwa yana jera kayansa tsaf ba algus ya yi ba, matuƙar na ƙasan kwando irin na saman ne. Gwanintar mai hoto ita ce ya fito da kyan da ke jikin abin da gaske. Kuma wannan ba ya bukatar kyamarar miliyoyi. Haske yake bukata, da sanin inda za a ajiye shi.

Mu koma kan dambun Hajiya. Ta bari sai hantsi. Ta juye kaɗan a faranti marar zane, ta kai bakin ƙofar ɗaki ko gindin taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan wurin. Hasken ya zo daga gefe, kada ya zo daga bayanta. A ɗaya gefen ta jingina farin kwali, ko murfin bokitin fenti ma ya isa, don ya mayar da haske ya rage duhun inuwa. Ta kashe filasha, ta goge idon kyamarar da gefen mayafi, don maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo. Yanzu kowane silin nama zai fito da 'yar inuwarsa, a ga laushinsa, a ga bai jiƙe da mai ba. Dambun jiya ne dai, ba a ƙara masa komai ba.

Kowane kaya da halinsa. Kilishi so yake a ɗaga falle ɗaya haske ya biyo ta bayansa, a ga sirantarsa da jan labu. Zoɓo in ka haska shi ta gaba baƙi zai fito, kwalbar kuma ta yi ta walƙiya. Sa hasken a bayansa sai jan ya tashi. Masa ba ta jira, mintocin farko bayan an kwashe daga tanda su ne nata, tana hucewa ta kwanta. Shadda sai an karkata ta ga haske zanenta ke bayyana. Atamfa da leshi kuwa a nan ake yawan rigima, don waya na da son ƙara wa launi gishiri: ruwan toka ya koma shuɗi, ja ya koma ruwan hoda, sai an kawo ankon mutum talatin a ce ba wannan aka zaɓa ba. Maganinsa a ɗauka a inuwa da rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, a kuma bar filta ta huta. Lokacin hunturu hazo na tausasa haske, hoto ya yi kyau, amma ƙura na sauka a kan kwalbar turare kafin ka gyara tsayuwa, sai da tsumma a hannu.

Sarauniyar wahala ita ce miyar kuka. Allah ya ba ta daɗi, bai ba ta fuskar hoto ba. Na ga masu abinci da yawa suna gudunta, sai su saka soyayyar shinkafa a madadinta alhali tuwo ne ke kawo musu kuɗi. Amma a sa malmalar tuwo a baƙin akushi don farinsa ya fito, a zuba miyar a gefe ba a kansa ba, a ɗiga man shanu ya kama haske, a ɗauka tun tururi na tashi. Wanda ya baro gida ya zo karatu Samaru, in ya ga wannan da ƙarfe ɗaya na rana, sai ya kira. Sharaɗi ɗaya ne: in man shanu ya shiga hoto, to ya shiga kwanon da za a aika.

Haka maganar girma. In ka kusanta tsinken tsire da idon waya, sai ya cika fuska, a zaci rabin rago ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a hoto ba ya da abin gwadawa. A ajiye cokali a gefe, ko a riƙe robar a hannu, ko a rubuta nauyin. In kayan na da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a juyo da sitikar ta kalli kyamara, don ita ma talla ce.

To ina masu sana'ar hoton kansu? Sabon Gari gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, tun da dogo ya iso Zariya wajen 1911, kuma cikin sana'o'in da suka biyo dogo har da ɗaukar hoto. Situdiyo nawa aka yi a layukan nan, inda ake zuwa ranar sallah a tsaya gaban labule mai zanen bene? Waya ta cinye wannan kasuwa. Abin da ya rage musu fasfo ne, da biki, da ranar rantsar da sababbin ɗalibai ko ta yaye su. Ranar Talata da safe ka leƙa, ga fitilu masu lulluɓi, ga farin bango, ga gwani zaune yana danna waya. Layi biyu daga nan kuma ga mai yaji tana fama da fitilar caji. Shi bai ɗauke ta kwastoma ba, ita kuma ba ta taɓa tunanin ana kai yaji situdiyo ba.

Wanda ke ganin hoton kaya ƙasƙanci ne ga mai kyamara ya tuna da J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Duniya ta san shi da hotunan kitson matan Najeriya, amma daga 1963 ya yi fiye da shekara goma yana aikin hoton talla a kamfanin West Africa Publicity a Legas, kafin ya buɗe nasa situdiyon a 1975. Aikin talla bai rage masa daraja ba.

Kuma in akwai garin da bai kamata ya rasa gwanaye ba, Zariya ce. Tun 1955 ake koyar da zane a garin nan, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane a 1958, da ra'ayin cewa a karɓi dabarar waje amma a gina ta a kan abin gida. Wannan ra'ayi har gobe yana da aiki, ko a hoton alkaki. Me ya kai nakiya kan farantin Turawa da wuƙa da cokali mai yatsu? Ga faifai, ga ƙwarya, ga tabarmar kaba, ga kwanon samira. Ko hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, tun daga 1 ga Oktoban 2022 ta hana sa baƙin fuskoki da baƙin muryoyi a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. A yau jami'ar na da sashen zane, da na tsara kayan masana'antu, da na aikin jarida, duk ana taɓa kyamara a cikinsu. Ga cibiyar nazarin fata a Samaru da masu jaka da takalmi a kewayenta. Ga masu sayar da irin shuka na cibiyar binciken noma, su SAMMAZ da SAMPEA, waɗanda manomi zai so ya ga zangarniyar gaske kafin ya saya. Ɗalibi na neman abin da zai ɗauka don aikin makaranta yana ta hoton bishiya da faɗuwar rana, alhali kuɗin mota ɗaya ne tsakaninsa da Muchiya.

Na ce ɗalibi, amma ɗaliba na fi nufi. Yawancin kayan nan a cikin gida ake yin su, gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaure. Namiji mai kyamara iyakarsa ƙofar gida, kuma kafin a kai masa masa situdiyo ta huce. Mace kuwa za ta shiga har gindin murhu, ta jira a kwashe, ta ɗauka da zafinta. 'Yan matan da ke ɗaukar hoton amare a wurin kamu sun riga sun iya rabin aikin.

Saura kuɗi. Mai ribar ƙullin yaji ba za ta iya ɗaukar mai hoto ita kaɗai ba, gaskiya ne, balle yanzu da man janareta ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Amma matan da suka iya haɗa adashe ba za su kasa haɗa wannan ba. Mutum takwas ko goma su sa rana, a taru a gida ɗaya mai tsakar gida da haske, kowa ta kawo kayanta, a raba kuɗin. Hoton yaji ko humra in ya yi kyau zai yi shekara yana aiki, matuƙar ba a sauya roba ko sitika ba, ka ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na abinci mai zafi kuwa gara mai hoton ta koya wa mai kayan yadda za ta riƙa yi da wayarta, ta caji kuɗin koyarwa.

Kafin a biya, a yi magana a kan abu biyu. Na farko, a ce a turo hotunan a matsayin fayil, don in aka turo su yadda aka saba WhatsApp na matse su, ranar da za a buga bana sai su farfashe. Na biyu, hoton na wa ne? A dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, asalin haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, sai in an yi wata yarjejeniya. Saboda haka a faɗa tun farko, ko da a saƙon waya ne: mai kaya za ta yi talla da shi a duk inda ta so, mai hoto zai iya nuna shi a matsayin aikinsa, amma ba zai ba wata mai dambu ta saka a shafinta ba. A kuma rubuta sunan sana'ar a jikin hoton, kusa da kayan, ba can a kusurwa inda za a yanke ba.